Sukari a Zauren Yaya Mati

Litinin, 12 ga Afrilu, 1999

Shugaban makaranta ya ce in tattara kalmomin nan da nake koya wa 'yan aji huɗu, waɗanda Hausa ta aro daga Turanci, a buga su ɗan littafi kafin ƙarshen zango. Wai soja za su sauka, farar hula na tafe, sabon kwamishina zai so ya ga ana wani abu. Na ce to. Kalma ɗari da goma sha biyu ce, shekara ashirin ina rubuta su a allo, ko daga barci aka tashe ni zan jero su: mota, bokiti, tebur, asibiti, sukari. Na kai wa Ishaya mai kula da laburare ya buga a tafireta, shi ke da haƙurin irin wannan aiki.

Ba wuta tun Asabar.

Laraba, 14 ga Afrilu

Ishaya ya tare ni a baranda da takardata a hannu, ya ja layi ƙarƙashin kalma ta arba'in da ɗaya. "Malam Salihu, wannan sukarin naka, ka tabbata daga wajen Bature ya zo?" Na ce masa na fara koyar da ita tun yana firamare a Zonkwa. Bai ji haushi ba, Ishaya ba ya jin haushi, abin da ke gajiyar da ni da shi ke nan. Ya ce ai muna da suga, ita ce ta Bature, ita kuwa sukari kamar ta girme ta.

Ya shiga ciki ya sauko da wani ƙaton ƙamus na Turanci mai faɗin asalin kalmomi, gara ta ci bangonsa. Shekara goma sha ɗaya ina makarantar nan ban san da shi ba. A tsaye na karanta. Turancin sugar daga tsohon Faransanci. Faransancin daga Latin na tsakiyar zamani, succarum. Latin ɗin daga Larabci, sukkar, ta hannun fataken da ke ƙetare teku da shi.

A nan aka kaɗa ƙararrawa. Na rufe littafin na tafi aji, na koyar da wasiƙar neman aiki.

Alhamis, 15 ga Afrilu

Yaya Mati ne ya yi daidai.

Asabar, 17 ga Afrilu

Bari in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru, ba ƙari.

Oktoban 1979 ne, makon da soja suka miƙa mulki wancan karon. Na dawo daga Zariya da digiri, da wando mai faɗin ƙafa, da kai kamar tulu. Na shiga zauren Yaya a Ƙofar Durbi bayan la'asar, yana ba da karatu, manyan mutane sun kai ashirin a kan tabarmi, 'yan kasuwa da teloli da limaman unguwa. Aka kawo shayi. Yaya ya ɗaga ƙwayar sukari ya ce wa ɗalibansa ko sunan wannan abu Nasara daga Larabawa suka karɓa, mu ma daga can muka samo. Na yi dariya, da ƙarfi. Na ce, Yaya, ba komai ne ke cikin littattafanku ba, wannan kalmar Bature ce bakinmu ya lanƙwasa. Har da ɗan bayani na ƙara, da Turanci. Mutum biyu ko uku suka murmusa suka sunkuyar da kai. Yaya ya dube ni ya ce, "To, Malam Salihu," ya ci gaba da karatunsa.

Kafin ranar, Sale nake a bakinsa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, ina shekara bakwai. Shi ya kai ni boko da hannunsa, dangi na ta surutu. Tun daga ranar na zama Malam Salihu. In na shiga zauren sai ya tsai da karatu, a ɗauko mini kujerar ƙarfe, a gaishe ni gaisuwa mai tsawo, har a tambayi lafiyar babur. Ba mu taɓa faɗa ba. Ba ranar Sallah da ban je ba. Baƙo ne ni a gidan da na girma, baƙon da ake girmamawa ƙwarai, shi ke nan.

Na daɗe ina cewa halin malaman zaure ne, ba sa son gyara.

Lahadi, 25 ga Afrilu

Na je Ƙofar Durbi. Kujera, gaisuwa. Idon Yaya ya ƙara lalacewa, ciwon sukarin ne, likita ya ce ba abin da za a iya. Yanzu da ka yake ba da karatu, ɗalibi ya karanto, shi ya fassara, in an yi kure ya gyara ba tare da ya dubi shafi ba. Malam Mamman, babban ɗalibinsa, mai shagon littattafai a bakin kasuwa, ya raka ni waje ya ce Malam ya yanke shawara: da zarar sun sauke littafin fiƙihun da suke ciki zai bar ba da karatu, ya miƙa masa zauren. Sun lissafa, saukar za ta faɗo Asabar, 29 ga Mayu.

Malam Mamman na cikin waɗanda suka sunkuyar da kai a 1979. Gemunsa ya yi fari yanzu. Na tabbata bai manta ba.

Talata, 27 ga Afrilu

Na ce wa Ishaya ya cire kalmar kawai. Ɗari da goma sha ɗaya ma adadi ne mai kyau, ba wanda zai ƙirga. Ya ce to, ya ɗauko ruwan goge rubutu ya shafe ta. Yana hura wa takardar iska ya ce, "Ɗalibai nawa ka koya wa ita?" Na ce ban sani ba. Na sani. Sun haura dubu biyu, wasu ma malamai ne yanzu, suna can suna rubuta ta a nasu allon.

Alhamis, 29 ga Afrilu

Na ba Saudatu labarin, ban san dalili ba, wataƙila don tana tsintar shinkafa ba ta kallona. Shekara goma sha takwas da aurenmu ba ta taɓa jin sa ba. Ta ce ita dama ta san akwai wani abu, ba a ba ƙane kujera a gidan wansa haka kawai.

Na ce zan rubuta masa wasiƙa. Ta ce, "Da wane idon za shi karanta?" Na ce to zan same shi a ɗaki, mu biyu. Ta ajiye faifan. "Malam, a ɗaki ka yi mashi dariyar? Gaban ɗalibai nai ka yi. Can za ka koma ka maido mashi da abin shi."

Na ce mata kalma ɗaya ce fa, ba gona na ci masa ba. Ta ɗauki faifanta.

Litinin, 3 ga Mayu

Na gaya wa 'yan aji huɗu cewa sukari ba daga Turanci ya zo ba, su gyara a littattafansu. Na zana musu hanyar a allo, kibiya bayan kibiya. Na shirya wa tambayoyi. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, zai fito a jarrabawa? Na ce a'a. Suka rufe littattafai.

Ashe a nan abin ba wuya.

Laraba, 5 ga Mayu

Na koma ƙamusun Ishaya don in kwafe bayanin daidai, sai na ga ashe ranar nan ban kai ƙarshe ba. Akwai layi biyu a ƙasa. Larabawa ma aro suka yi, daga Farisa, shakar. Farisa kuma daga tsohon harshen Indiya, sharkara, wadda asalinta tsakuwa take nufi, ƙananan duwatsun bakin rafi, saboda kamar su ɗanyen sukari yake a hannu. Daga Indiya zuwa Farisa, zuwa Larabawa, sannan hanya ta rabu biyu: ɗaya ta haye teku ta bi ta Italiya da Faransa ta isa Ingila, ɗaya ta ratso hamada a bayan raƙumi ta iso mu. Da Bature ya zo da tasa, tamu ta riga ta tsufa a nan.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ashe shi ma Yaya bai kai gindin maganar ba. Kunnen doki ke nan. Zan iya shiga zauren in ce dukkanmu mun yi kuskure, ga abin da bincike ya nuna.

Alhamis, 6 ga Mayu

Na nuna wa Ishaya layukan biyu. Ya karanta, ya ce abin sha'awa. Sannan ya ce, "Amma shi yayanka me ya ce? Cewa ya yi Bature ya karɓa daga Balarabe. Ya karɓa ko bai karɓa ba?"

Mutumin nan da ya yi lauya.

Lahadi, 16 ga Mayu

Na je da niyya. Na kwafe komai a takarda, tana aljihun gaba. Aka tsai da karatu, aka kawo kujera, na zauna sama da kowa kamar mai duba makarantu. Yaya ya tambayi Saudatu, da yara, da aiki, da zafi. Wani tela ya tambaye ni ko da gaske sojan za su tafi, tunda mu 'yan boko mu ke jin labari. Na yi minti goma ina bayani a kan tsarin mulki. Na yi sallama na fito.

Takardar ta jiƙe da gumi, sai na sake kwafa.

Juma'a, 21 ga Mayu

Hadari ya haɗu ta gabas, ya watse. Saudatu ta daina tambayata. Saura kwana takwas, bayan haka zauren na Malam Mamman ne, Yaya zai koma cikin gida, kuma duk abin da zan faɗa sai dai a ɗaki.

Talata, 25 ga Mayu

Na yanke: in na je, ba zan ambaci Farisa da Indiya ba. Zan bar masa nasararsa cikakkiya. Tsoho ne, ba ya gani, ba sai na rage masa ba. Na lura ina jin kaina mutumin kirki saboda wannan shawara, abin da ya sa ban yarda da ita sosai ba.

Asabar, 29 ga Mayu

Da safe gari duk rediyo, ana rantsar da sababbin shugabanni. Ban saurara sosai ba.

Na isa Ƙofar Durbi ana idar da la'asar. Zauren ya cika har waje, saboda sauka ce, an kawo goro da dabino. Malam Mamman ya miƙe zai ɗauko kujera, na ce ya bari. Na zauna a ƙarshen tabarma, wajen takalma. Gwiwoyina sun manta wannan zama, sai da suka yi ƙara. Wani ya raɗa wa Yaya, ya juyo da fuska wajena, amma bai tsai da karatu ba.

Aka karanta babin ƙarshe. Kafin a ɗaga hannu a yi addu'a na ce, Allah gafarta Malam, ina da magana. Muryata ta fito siririya, ba irin ta aji ba. Na ce shekara ashirin ba kaɗan, a nan wurin, Malam ya ce sunan sukari Nasara daga Larabawa suka karɓa, ni kuma na yi masa dariya a gaban ɗalibansa na ce ba haka ba ne. Na ce na duba littafin Nasaran da kansu, maganar Malam ce gaskiya, tawa ce kure, kuma ko da tawa ce gaskiya ban kyauta ba. Na ce ina neman gafara. Ban fito da takardar ba.

Ana jin rediyon maƙwabta.

Yaya ya ce, "Mamman, ɗauko mani ƙamus, juzu'i na biyu." Aka ciro shi daga gafakar fata, aka miƙo hannu zuwa hannu har ya iso ni. "Duba muna kalmar."

Larabcina ya tsaya tun ina shekara goma sha ɗaya. Na shiga neman harafin sin, ina ta juya shafi, ba tsari ba kan gado, ga mutum hamsin suna jira. Gumi har cikin ido. Yaya ya ji ƙarar takardun ya gane. "Wanga littahi ba ta harahin hwarko ake shiga tai ba, ta na ƙarshe ake shiga. Nemi babin ra tukuna, sannan ka nemi sin a ciki." Na nemi ra. Na samu. Na sa yatsa ina haɗa baƙi kamar ɗan shekara shida, Malam Mamman ya matso yana tallafa mini a hankali. Littafin cewa ya yi kalmar ba 'yar asalin Larabci ba ce, baƙuwa ce aka Larabtar. A gefen shafin kuma, da jar tawada da ta koɗe, rubutun hannun Yaya na ƙuruciya: daga Farisanci.

Wato abin da na ɓoye don in tausaya masa, yana gefen littafinsa tun ban fara gemu ba.

Na ce, Yaya, ashe ranar nan kana da wannan. Ya ce, "Yana nan bayana, inda Mamman ya ɗauko shi yanzu." Na ce to me ya hana ka buɗe? Ya ce, "Ka dawo da digiri, mutane na kallon ka, ni na kai ka. In na buɗe shi, wa za a yi ma dariya?"

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na sunkuyar da kai ina kallon jar tawadar nan.

Shi ya cece ni. Ya ce, "To su Hwarisa ɗin, ina suka samo ta? Nan littahina ya tsaya." Da gaske yake tambaya, na san muryarsa in yana son sani. Na ce daga Indiya, sharkara, tsakuwa. Ya sa na maimaita sau biyu. Ya ce, "Wannan ban san shi ba. Mamman, rubuta a gefe, ƙarƙashin nawa. Ka sa, in ji Salihu."

Aka yi addu'a, aka raba goro. Na sami ɓari ɗaya.

Lahadi, 30 ga Mayu

Saudatu ta tambaya yaya aka yi. Na ce an yi sauka lafiya, mutane sun taru. Ta dube ni ta ƙara mini miya.

Laraba, 9 ga Yuni

Ɗan littafin ya fito, kalma ɗari da goma sha ɗaya. Na sa Ishaya ya ƙara shafi ɗaya a baya, da hanyar sukari daga farko har ƙarshe, da layi guda cewa marubucin ya koyar da akasin haka shekara ashirin, duk wanda ya karɓa daga gare shi ya gyara. Shugaban makaranta ya ce shafin zai rage wa littafin kwarjini a idon kwamishina. Na ce a bar shi. Kwamishinan ma ba a naɗa ba tukuna.

An yi ruwan farko mai ƙarfi jiya.

Litinin, 21 ga Yuni

Yau kwana na shida ina zuwa Ƙofar Durbi bayan la'asar. Ba wani abu ba ne, Malam Mamman na zaure da ɗalibai, Yaya kuma yana soron ciki ba mai karanta masa, ni kuma ba ni da aji da yamma. Ƙamusun muke bi. Yana so mu duba auduga, mu ga ko ita ma ta haye teku. Na ce zan tambayi Ishaya.

Karatuna ba daɗin ji, na sani. Yau na karanta layi ɗaya ba daidai ba sau uku a jere. A na ukun ya buga tafin hannu a buzu ya daka mini tsawa, har matan gida suka yi shiru a tsakar gida. "Kai, wai ba ka da kunne ne? Sau nawa za ni hwaɗa maka? Koma baya!" Na koma baya. Sai da na maimaita sau biyar ya ce in wuce.

Mutum mai shekara hamsin, mai digiri, a yi masa tsawa mata na ji. Ya kamata in ji haushi.

Na dawo gida, na yi alwala, sai Saudatu ta leƙa waje ta ce ina babur. Yana can jingine a ƙofar zauren Yaya, da makulli a jiki. Tun daga Ƙofar Durbi har Ƙofar Guga a ƙasa na zo ban sani ba. Na ce mata iska ce mai daɗi bayan ruwa. Gobe dai dole in koma in ɗauko shi.